Matar da Aka Sauke Daga Mota: Zubi da Amana a Littafin Tafiya na John Steinbeck

1.0 Gabatarwa

Labarin tafiya yana daga cikin rassan rubutun zube da manazarta ba su cika tsayawa a kansu ba, wataƙila don ya faɗo tsakanin gida biyu. Masu nazarin ƙagaggen labari suna ɗaukarsa tarihi, masu tarihi kuwa suna ɗaukarsa hira. Duk da haka reshe ne mai sharaɗi guda da ya raba shi da sauran. Wanda ya ɗauki Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1944 bayan ziyarar da ya kai Ingila a 1943, ko Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano, ya ɗauka ne bisa amanar cewa marubucin ya je inda ya ce ya je, ya kuma ga abin da ya ce ya gani. Mai karatu yana yafe wa matafiyi ƙarin gishiri, yana yafe masa mantuwa. Abin da ba a daidaita a kansa ba shi ne iyakar wannan yafiya.

A Amurka akwai wata irin tafiya da ta zama al'ada: magidanci ya kwashi matarsa da 'ya'yansa a mota mai ɗaki, watau motar da aka gina wa wurin kwana da murhu da makewayi a bayanta, su bi birane da gandayen daji na ƙasa lokacin dogon hutun makaranta. Al'adar ta bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta ƙara ƙarfi da dokar manyan hanyoyin da suka ratsa jihohi wadda Shugaba Eisenhower ya sa wa hannu a 1956, da kuma fara ƙera irin waɗannan motoci da kamfanin Winnebago ya yi a 1966. Masu shirya fim sun daɗe suna cin abinci da ita, tun daga The Long, Long Trailer na 1954 har zuwa RV na 2006, kuma jigonsu kusan guda ne, watau yadda ƙuncin ɗaki mai tafiya yake tono abin da faɗin gida ya binne tsakanin miji da mata da 'ya'ya.

A fagen littafi kuwa, cikin waɗanda suka fi shahara a kan tafiya da irin wannan mota akwai Travels with Charley na John Steinbeck, wanda aka buga a 1962. A cikinsa matafiyin mutum guda ne, daga shi sai karensa. Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta nuna cewa wannan kaɗaici ginin alƙalami ne, cewa yawancin tafiyar ta iyali ce, kuma cire iyalin da aka yi ya shafi zubi da salon littafin ta hanyar da za a iya nunawa a shafukansa, ko da ba a leƙa wasiƙun marubucin ba.

2.0 Marubucin da Tafiyar

An haifi Steinbeck a garin Salinas na jihar Kalifoniya a 1902, ya rasu a Niyok a 1968. Sunansa ya kafu ne da The Grapes of Wrath na 1939, labarin iyalin Joad, manoman Oklahoma da fari da bashin banki suka kora zuwa Kalifoniya. A 1960 yana da shekara 58, ya daɗe yana zaune a Niyok da ƙasashen Turai, ga shi kuma bai jima da tashi daga rashin lafiya ba. A farkon littafin ya kawo dalili biyu na fitarsa. Na farko, marubuci ne da yake rubutu a kan Amurka alhali ya yi shekaru bai ji muryar mutanenta ba. Na biyu, ba ya son ya zama irin dattijon da iyali suke lallaɓawa kamar jariri. Dalili na biyu ya fi na farko nauyi, kuma za a ga amfaninsa a gaba.

Ya sa aka gina masa ɗaki a bayan sabuwar a-kori-kura ƙirar GMC, da gado da murhun gas da firji da tebur, ya raɗa mata suna Rocinante, sunan dokin Don Quixote. Guguwar Donna ta jinkirta shi, sai ran 23 ga Satumba, 1960 ya bar gidansa na Sag Harbor. Ya yi arewa zuwa Maine, ya juyo yamma ta Shikago da Dakota ta Arewa da Montana har Seattle, ya gangara Kalifoniya, ya ratso hamada zuwa Teksas da Niyu Olins, ya koma Niyok a farkon Disamba. Tafiyar ta kai kimanin mil 10,000 cikin mako 11. Abokin tafiyar, Charley, kare ne mai nannaɗaɗɗen gashi haifaffen Faransa. Sunan littafin kansa yana tuna wa mai karatu da na Robert Louis Stevenson na 1879, wanda ya yi tasa tafiyar da jaka a duwatsun kudancin Faransa. Littafin ya samu kasuwa ƙwarai, kuma a shekarar da ya fito aka ba marubucin lambar Nobel.

3.0 Motar a Matsayin Dabarar Zubi

Babbar nasarar littafin ta fuskar zubi ita ce yadda aka yi amfani da motar. A yawancin labaran tafiya matafiyi baƙo ne. Shi ake saukarwa, shi ake ba ruwa, kuma abin da zai gani ya dogara da ƙofar da aka buɗe masa. Imam a Ingila baƙon gwamnati ne, inda aka kai shi nan ya gani. Mota mai ɗaki ta juya wannan tsari, domin matafiyin ya zo da zaurensa. Duk inda Steinbeck ya tsaya, shi ne mai masauki. Ya ɗora ruwan kofi, ya buɗe kwalba, ya ce wa mai gonar da ya tsaya a cikinta ko mai gadin da ya zo korarsa ya shigo ya zauna. Wanda ya zo da faɗa sai ya zama baƙo, baƙo kuwa ba ya ɗaga murya a ɗakin mai gida. Karen shi ne ɗan aike: a sake shi ya je ya shinshina tukunyar maƙwabta, mai shi ya bi shi yana ba da haƙuri, daga nan hira ta ƙullu.

Wannan dabara ta ba littafin wani tsari mai maimaituwa: tuƙi, zango, baƙo, hira, sa'an nan tunanin dare. Mafi kyawun misalinta shi ne daren da ya yi a yankin Aroostook na Maine, inda ya gayyato wani babban iyali na Faransawan Kanada, 'yan ci-rani masu tonon dankali, suka cika ɗakin motar maƙil, ya buɗe musu tsohuwar barasar Faransa da ya ɓoye. Wurin yana da ɗumi, kuma siffantawar ba ta da ƙari. Sai dai mai karatun da ya san The Grapes of Wrath ba zai rasa jin wani abu ba. Ga iyali masu bin amfanin gona daga wuri zuwa wuri, irin mutanen da marubucin ya gina sunansa a kan wahalarsu, amma a nan ya taɓo zancen ƙwadagon ci-rani ne kawai ya wuce, abin da ya rage a zuciyar mai karatu shi ne daɗin shan da aka yi.

Kwatanta motocin biyu yana da amfani. Motar iyalin Joad tsohuwar Hudson ce da aka yanke bayanta aka mai da ita ta kaya, aka loda mata katifu da tukwane da mutane tun daga kaka har jika. Gida ce don an rushe gidan. Mutane suna mutuwa a hanya, wasu suna zamewa su bar ayari, kuma duk wanda ya ragu mai karatu yana jin raguwarsa. Rocinante gida ce ta biyu, ta mutumin da ya bar gida mai kyau a bakin teku, yana kuma iya komawa ran da ya ga dama. Babu abin da zai iya faruwa a cikinta wanda ya fi fashewar taya a Oregon ko ciwon mafitsarar kare. A ƙagaggen labarin, iyali su ne suke ɗauke da nauyin tafiyar. A labarin gaskiyar, da aka fitar da iyali, sai aka rasa mai ɗaukar nauyin, aka ɗora wa kare.

Wuri guda ne littafin ya fuskanci zancen iyali da gida mai taya kai tsaye, watau inda marubucin ya ziyarci unguwannin gidajen da ake ja da mota, waɗanda suke yaɗuwa a lokacin. Ya ci abinci da wani iyali a irin wannan gida, ya tambayi maigidan ko ba ya tsoron 'ya'yansa su tashi ba su da tushe. Mutumin, wanda mahaifinsa ya zo daga Italiya, ya nuna masa cewa tushen da ake yabo shi ne talaucin da ubansa ya gudo ya bari. Daga nan Steinbeck ya shiga tunanin ko Amurkawa jikokin marasa zama ne tun asali. Tambayar tana da kyau, kuma ita ce ta fi kusa da zama jigon littafin. Amma an yi ta ne a kan iyalin wani. Iyalin mai tambayar, waɗanda za a iya gwada amsar a kansu, an bar su a bayan labule.

4.0 Iyalin da Aka Cire

Kusan shekara 50 ana karanta littafin a matsayin rahoton gaskiya, ana koyar da shi a makarantu a haka. A 2010 wani ɗan jarida na birnin Pittsburgh, Bill Steigerwald, ya bi sawun tafiyar don cikarta shekara 50. Ya gwada abin da littafin ya faɗa da wasiƙun da marubucin ya riƙa aika wa matarsa Elaine daga hanya, waɗanda aka buga wasunsu tun 1975, da kuma rubutun farko na littafin da yake ajiye a ɗakin karatu na Morgan a Niyok. Ya bayyana sakamakon a jaridu a 2011, da kuma littafinsa Dogging Steinbeck a 2012.

Abin da ya gano iri uku ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Na farko, kwanan da aka yi a cikin motar kaɗan ne, darare da yawa a otal aka yi su, wasu ma manyan otal-otal. Na biyu, wasu haɗuwar ba za su yiwu yadda aka ba da su ba. Alal misali, littafin ya ce marubucin ya yi zango a bakin wani rafi kusa da ƙauyen Alice a Dakota ta Arewa, ya haɗu da wani ɗan wasan kwaikwayo mai yawo yana karanta Shakespeare a ƙauyuka, alhali wasiƙar da ya rubuta a wannan dare daga masauki ta fito a garin Beach, fiye da mil 300 yamma da can. Haka nan wani manomi a New Hampshire ya yi masa zancen yadda Khrushchev ya buga takalmi a tebur a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, abin da ya faru ran 12 ga Oktoba, makonni bayan Steinbeck ya bar wannan jiha. Na uku, kuma shi ne ya shafi wannan maƙala, bisa lissafin Steigerwald Elaine tana tare da mijinta kwana 45 daga cikin 75. Ta same shi a Shikago, ta sake samunsa a Seattle suka gangaro gaɓar tekun yamma tare har San Francisco da Monterey, ta kuma kasance tare da shi a Teksas. A rubutun farko tana nan a ɓangaren gaɓar yamma. Kafin a kai ga bugu aka share ta.

Masu kare littafin suna da hujja biyu. Ta farko ita ce Steinbeck mai ƙaga labari ne, kuma kowa ya san haka. Wannan ita ce hanyar da Jay Parini ya bi a gabatarwar bugun Penguin na 2012, inda aka ƙara gargaɗin cewa marubucin ya yi wasa da wasu bayanai. Ta biyu ita ce marubucin da kansa ya ja kunnen mai karatu. Ya ba da labarin yadda shi da ɗan jarida Joseph Alsop suka taɓa ziyartar birnin Prague lokaci guda, kowa ya komo da birni dabam, don ya nuna cewa Amurkar da ya gani tasa ce, wani zai ga wata.

Hujja ta biyu ba ta kai inda ake son ta kai ba. Mutum biyu su kalli kasuwa guda, ɗaya ya ga arziki ɗaya ya ga ƙazanta, wannan bambancin ido ne, kuma shi ne gishirin labarin tafiya. Amma dukansu sun je kasuwar. Gargaɗin Prague ya rufe bambancin fahimta, bai rufe mutumin da ba a haɗu da shi ba. Hujja ta farko kuwa tana da rauni ta wajen manufar da littafin ya shelanta. Marubucin ya ce ya fita ne don ya ji yadda Amurkawa suke magana, domin kunnensa ya tsufa. In muryoyin da ya kawo daga cikin kansa suka fito, to abin da mai karatu ya samu shi ne tsohon kunnen da aka ce za a wanke.

Abin lura shi ne Steinbeck bai ɓoye ƙa'idar da ya bi ba. Da ya iso Shikago ya faɗa a fili cewa matarsa ta zo ta jirgin sama, ya kuma ce ba zai ba da labarin kwanakin ba domin za su karya haɗin kan littafin. Ke nan ya san cewa iyali da zubin da ya zaɓa ba sa shiga tukunya ɗaya. Maimakon kwanakin da ya yi da matarsa, sai ya ba mai karatu wani abu dabam: an ba shi ɗakin otal da ba a riga an share ba, ya zauna yana haɗa tarihin baƙon da ya tashi daga guntayen takardu da kwalabe da ragowar taba, har ya raɗa masa suna. Wurin yana da ban sha'awa, kuma yana tona asirin hanyar aikin littafin gaba ɗaya, domin ga marubuci yana gina mutum sukutum daga 'yan alamu. Bambancin kawai shi ne a nan ya faɗa cewa gini yake yi. Abin da aka amsa a Shikago na 'yan kwanaki ne. Makonnin gaɓar yamma ba a amsa su ba.

Me ya sa aka share ta? Dalili na biyu na fitar, wanda aka ambata a baya, ya isa amsa. Littafin shaida ce da dattijo yake bayarwa cewa har yanzu namiji ne mai iya kwana a daji shi kaɗai. Matar da take jiransa a otal tana rushe wannan shaida. Har karen ma, a gidan, na Elaine ne.

Illar da wannan ya yi wa salo a bayyane take. Hirarrakin da ake shakkar aukuwarsu suna da kama ɗaya: kowane mai magana ya zo ne da darasi guda a hannu, ya ajiye, ya tafi. Ɗan wasan kwaikwayon ya koyar da girmama masu kallo da sanin lokacin fita. Saurayin Idaho mai son koyon gyaran gashin mata, da ubansa mai ƙin haka, sun tsaya ne a madadin sabanin birni da ƙauye. Ba mai katse wani, ba mai faɗin abin da bai shafi zancen ba, kuma kowa yana da azancin marubucin. A gwada wannan da wuraren da dangi suka shigo. A Monterey ya yi cacar baki da 'yan'uwansa mata, 'yan jam'iyyar Republican, a kan zaɓen Kennedy da Nixon da ake shirin yi ran 8 ga Nuwamba. Maganar gajera ce, mai zafi, ba ta da darasi, kowa yana jifar ɗan'uwansa da abin da iyayensu za su ce da suna raye. A nan ne kaɗai aka ji siyasar wannan shekara da ɗuminta, bayan marubucin ya yi ta kukan cewa baƙin da yake haɗuwa da su ba sa son faɗin ra'ayinsu. Ai baƙo ba ya faɗa wa baƙo cikinsa a zama ɗaya. Dangi ne suke yi, su kuwa an rage musu fili.

5.0 Birane da Gandun Daji

Masu tafiya da iyali a irin wannan mota birane da gandayen daji suke nufa. Steinbeck ya kauce wa duka biyun. Birni a littafin wuri ne na ɓata hanya da hayaniya da tarin shara a gefen gari. Ya ruɗe a Minneapolis, ya tarar Seattle ta kumbura har bai gane ta ba, ya ɓace a Niyok kanta a shafin ƙarshe. Abin da ya faɗa game da juji da kayan da ake yarwa, da biranen da cibiyarsu take ruɓewa gefensu yana faɗaɗa, da abincin hanya mai tsabta marar ɗanɗano, lokaci ya gaskata shi, kuma waɗannan shafuka suna cikin mafi ƙarfin littafin. Amma ƙidayar 1960 ta nuna kusan kashi 70 cikin 100 na Amurkawa a birane da garuruwa suke zaune. Mai neman jin muryarsu da ya bi ta bayan gari ya bar yawancinsu bai ji ba. A nan motar tana da laifi: abin da ya sa ta zama zaure a karkara shi ya sa ta zama kaya a birni, inda ba wurin ajiye ta.

Gandun daji kuwa shafuka kaɗan ya samu. Yellowstone, wanda aka keɓe a 1872, shi ne na farko a ƙasar. Steinbeck ya ce ba ya ɗokin irin waɗannan wurare domin abin al'ajabi suke killacewa, abin al'ajabi kuwa ba ya wakiltar ƙasa. Ya shiga ne don kada maƙwabta su ce ya wuce bai gani ba. Ma'aikacin ƙofa ya gargaɗe shi game da kare da dabbar beya, wadda a wancan zamani take fitowa bakin hanya tana roƙon abinci wajen masu motoci. Ya ce karensa ba ya faɗa ko da kyanwa. Da Charley ya hango beya sai ya haukace, dole aka juya. Labarin yana da ban dariya, an kuma tsara shi da kyau. Sai dai hujjar cewa gandun ba ya wakiltar ƙasa ba ta tsaya da ƙafarta ba. Daji da hukuma ta shata wa iyaka, ta fitar da 'yan asalin wurin irin su Shoshone daga cikinsa, ta shimfiɗa masa kwalta, iyalai suka yi layi cikin motoci suna miƙa wa naman daji burodi ta taga, yana faɗin abu mai yawa game da Amurkar 1960. Ga taron iyalan da yake nema, daga kowace jiha, a wuri ɗaya, ya juya saboda kare.

A dajin manyan itatuwan redwud na gaɓar yamma ne rubutun ya kai ƙololuwa wajen siffanta yanayi: shirun wurin, hasken da yake sauka kore, da jin cewa mutum baƙo ne a gaban abin da ya girme shi da dubban shekaru. Littafin ya nuna ya yi kwana biyu a can shi kaɗai. Wannan yanki yana cikin inda matarsa take tare da shi. Sanin haka bai rage kyawun jimlolin ba, amma ya sauya abin da suke nufi, domin kaɗaicin da aka siffanta shi ne ginshiƙin wurin.

6.0 Niyu Olins

Ɓangaren ƙarshe ya sha bamban da sauran, har kamar wani littafi ne aka liƙa. Ran 14 ga Nuwamba, 1960, aka shigar da Ruby Bridges, yarinya baƙar fata 'yar shekara 6, makarantar firamare ta William Frantz a Niyu Olins bisa umurnin kotu, jami'an gwamnatin tarayya suna rakiyarta. Kullum safe wasu matan aure farar fata suna taruwa a bakin makarantar suna zaginta, suna kuma zagin farar fatar da suka ƙi janye 'ya'yansu. Steinbeck ya karanta labarin a jarida, ya nufi can musamman don ya gani. Bai ambaci sunan yarinyar ba. Ya siffanta ƙanƙantarta tsakanin ƙattin jami'ai, da farin tufafinta, da yadda ta fara ɗan tsalle irin na yara sai tsoro ya tsai da ita. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne ya gane matan wasa suke yi wa 'yan kallo da 'yan jarida, zagin an riga an haddace shi, ana jiran tafi.

A nan babu mai shakkar ya je, kuma hotunan jaridu na lokacin sun tabbatar da abin da ya siffanta. Ya kamata a lura da yadda ya isa wurin. Ya ajiye Rocinante a wurin ajiye motoci nesa da makarantar, saboda lambar Niyok da take ɗauke da ita za ta iya jawo masa fitina, ya bar karen a ciki, ya hau tasi, ya ce wa direban shi baƙo ne daga Liverpool. Watau a wuri guda da littafin ya yi aikin shaida sosai, an ajiye duk kayan aikin da aka gina shi a kansu. Ba zaure, ba kofi, ba ɗan aike, marubucin yana tsaye cikin taro ba mai sauraronsa. Salon ma ya sauya, barkwancin ya ɗauke, jimlolin suka gajarce.

Abin da ya biyo baya ya koma tsohon tsari. Cikin 'yan shafuka ya haɗu da mutum huɗu: dattijon farar fata mai ilmi da ya san tsarin zai rushe amma yana tsoron yadda zai rushe, tsohon baƙar fata da ya ƙi sakin baki don tsoro, farar fata mai tsananin wariya wanda marubucin ya sauke daga motar, da ɗalibi baƙar fata mai ganin hanyar Martin Luther King ta yi jinkiri. Huɗun sun cika kowane gurbi na muhawarar, biyu farare biyu baƙaƙe, a kowane ɓangare tsoho da matashi, ba gurbin da ya maimaitu, ba wanda ya rage. Hanya ba ta cika raba fasinja da irin wannan adalci ba. Mai karatun da ya fito daga bakin makarantar da yardarsa cikakkiya yana isa ga na uku a cikinsu ya fara ƙirga, kuma da ya fara ƙirga sai shakkar ta koma baya ta taɓa shafukan da ba su cancance ta ba. Ruby Bridges ta yi wannan shekarar karatu ita kaɗai a aji, da malama guda, Barbara Henry, wadda ta zo daga Boston.